Targaɗen Gwaggo Hure

Ni ban ga faɗuwar ba, ƙarar na ji. Ina tsugune a bakin famfon gidan Albashir ina tarar ruwa da safe, sai na ji wani ƙas, kamar an taka busasshen karan dawa, sannan bokiti ya gangara yana kuwwa a kan tayil. Da na waiwaya, ga Gwaggo Hure zaune a ƙasa cikin tururi, ta riƙe ƙafar hagu da hannu biyu, bakinta a buɗe amma ba sauti. Allah ya taƙaita, ruwan zafin can gefe ya watse, bai taɓa ta ba.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Albashir a nan Gwadangaji. Ma'aikacin gwamnati ne, yana da rijiyar burtsatse, kuma duk layinmu a wurinsa muke ɗibar ruwa, shi ya sa kusan komai na tsakar gidan nan a kan idona yake faruwa. Matarsa Kausar ce ta haihu, ɗa namiji, aka aika Argungu aka ɗauko Gwaggo Hure, ƙanwar mahaifinta, ta zo ta yi mata wankan jego har a yi arba'in. Siririyar mace ce mai zafin nama. Mijinta ya rasu ya bar mata ɗan fili a fadama, da shi take ci da kanta. Tun ranar da ta sauka ta gaya mini ta bar irin shinkafarta a hannun wani maƙwabcinta, Tamba, ana yin arba'in za ta koma ta yi dashe.

Duk wadda ta taɓa riƙon maijego ta san aikin ƙafa ne. A hura wuta da asuba, a tafasa ruwa cikin rabin durom da ganyen dogonyaro, a kwashe shi bokiti-bokiti zuwa banɗaki, a yi wa uwa, a yi wa jariri, a dama kunun kanwa, a wanke tsummoki a shanya. Da la'asar kuma a sake daga farko. Tsakanin murhu da banɗakin nan kuwa, Albashir ya shimfiɗa sabon tayil saboda taron suna, irin mai sheƙin nan da ake sawa a falo, wanda in ruwa ya taɓa shi ko kaza sai ta yi hattara.

Shi ya fara fitowa, da buroshi a baki. Wallahi tayil ɗin ya fara dubawa. Ya sunkuya ya shafa inda bokitin ya bugu, ya ga bai tsage ba, sannan ya ɗago ya yi wa Gwaggo sannu, ya tambaye ta me ya faru. Ta ja mayafinta ta rufe ƙafar, ta ce ba komi, santsi ne. Ni kuwa na ce masa na ji ƙarar ƙashi da kunnena, gara a kai ta a yi hoto. Ya ce hannun bokiti na ji. Ya kuskure bakinsa, ya gyara tsayuwa, ya ce abin ai ba ya buƙatar asibiti, akwai gwajin da ya fi na likita sauri, domin wanda ya karye ba ya iya takawa.

"Gwaggo, tashi ki taka mu gani," ya ce.

To, ku duba mini. Dattijuwa, a gaban surukinta, mijin ɗiyar wanta. Ko wuƙa aka sa mata ba za ta yi raki a gabansa ba. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗora ƙafar a ƙasa, gumi ya karyo mata har yana ɗiga daga haɓa. Ta ja ta, ta sake jan ta. Albashir ya yi hamdala, ya ce ga shi nan, targaɗe ne, ya koma ɗaki ya shirya ya tafi ofis. Kausar ta leƙo ta taga ta yi sannu har sau uku, da tausayi a fuskarta, ba zan yi mata ƙarya ba. Sannan ta tambaya ko akwai sauran ruwa a kan wuta, tunda wancan ya zube. Ni na kwashe mata ruwan ranar.

Da azahar sai ga Hajiya Baiwa, mahaifiyar Albashir, ta sauka daga keke napep tun daga Badariya. Hajiya ta taɓa haihuwar 'yan biyu, kuma tun daga lokacin unguwa ta yanke cewa hannunta na gyara targaɗe. Ba ta koya a wurin kowa ba, 'yan biyun ne takardar shaidarta. Tunda kuwa targaɗe kaɗai ta iya, duk ƙafar da aka kawo gabanta targaɗe ce take zama. Ta sa aka miƙe ƙafar a kan tabarma, ta lafta mata man shanu, ta sa ni na riƙe Gwaggo ta kafaɗa. Ta yi bisimilla ta kama tafin ƙafar ta ja, ta murɗa dama, ta murɗa hagu. Na ji wani gurza a ciki wanda har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Gwaggo ta cusa gefen mayafi a baki ta cije, idonta ya juye, jikinta ya saki a hannuna. Hajiya ta ce mun ji ko, jijiyar ce ta koma mazauninta.

Da Gwaggo ta farfaɗo aka ba ta doka. Kada ta kuskura ta zauna. Targaɗe ba ya son hutu, in aka zauna jini ke taruwa ya daskare. Maganinsa tafiya, da ɗan ɗaukar abu mai nauyi don jijiya ta saba. Na ce a raina, ikon Allah, ga ciwo ya zo daidai da aikin gidan.

Bari in faɗi abin da kowa a gidan ya sani amma ba wanda ya furta. In aka ce karaya ce, sai a kira mai ɗori ya ɗaure ƙafar da karare, a kwantar da ita a ɗaki, ba motsi sai ƙashi ya kama. Sai an kai mata abinci, an kai mata ruwan alwala, an fitar mata da fo. To wa zai yi? Kausar maijego ce, ba ta ɗaga ko buta. Hajiya Baiwa tana da ciwon baya da ke tashi duk lokacin da ta hango murhu. Albashir namiji ne. Karaya za ta mayar da mai hidima abar yi wa hidima, shi ya sa ba ta da wurin sauka a gidan nan.

Ranar suna Gwaggo Hure ce a bakin tukwane tun da safe har aka watse. Mata suna ta shiga da fita suna cewa kai, wannan baiwar Allah akwai juriya, Kausar ta yi dacen gwaggo. Masu ido suka tambayi ƙafar, aka ce ɗan targaɗe ne, Hajiya ma ta riga ta ja. Suka ce ai shi ke nan, tunda Hajiya ta ja.

Daga nan ƙafar ta fara magana da kanta. Ta kumbura har idon sawun ya ɓace, fatar ta yi baƙi tana ƙyalli. Silifas ya daina shiga, Gwaggo ta koma yawo da ƙafa ɗaya a takalmi, ɗaya a ƙasa. Sallah ta koma yi a zaune. Bokiti kuwa ta daina ɗauka, sai ta samo dabara: ta ɗora gwiwa a kan kujera 'yar tsugunno, ta tura kujerar gaba, ta jawo bokitin, ta sake turawa. Tun daga gidana nake jin ƙarar kujerar nan a kan tayil, safe da yamma. Albashir ya yi magana a kan haka, ya ce a ɗaura wa ƙafafun kujerar tsumma kada ta karce masa ƙasa.

Hujja kuwa ba ta taɓa ƙarewa a gidan ba. In na ce kumburin ya ƙaru, Kausar ta ce ai Gwaggo ba ta shafa man zafi a kan lokaci. In na ce launin ƙafar ya sauya, Hajiya ta ce ciwon ne ke fitowa waje, alamar sauƙi ke nan, ta ƙara da cewa Hure ce ke lallaɓa ƙafar da yawa, ba ta taka ta yadda ya kamata. Har sake jan ta ta yi, wai ta cike aikin. Albashir kuwa cewa yake mutanen fadama ƙashinsu ba irin namu ba ne, kifi da rana sun gina su, abin da zai kwantar da ɗan birni su ko a jikinsu. Kullum ya ga ta wuce da kujerarta sai ya nuna ta ya ce, ga shi nan, tana tafiya. Aikin da suka hana ta ajiyewa shi ya zama shaidarsu cewa lafiyarta lau.

Ana cikin haka, wata safiya, tayil ɗin ya karɓi mai shi. Albashir ya fito da sauri cikin takalmi sau-ciki, ya taka inda ruwa ya ɗiga, ƙafar dama ta lanƙwashe ya zauna daɓas. Ihun da ya yi har masu shago a bakin titi sun ji. Ba wanda ya ce masa taka mu gani. Maza uku aka kira daga layi suka ɗauke shi cak zuwa mota. Hajiya Baiwa ta iso a rikice, wata maƙwabciya ta ce to Hajiya, ga mai magani a gida, ki ja masa mana. Hajiya ta harare ta, ta ce ba a wasa da ƙashi, asibiti za a je.

Aka je wani asibitin kuɗi, aka yi hoto, aka ce ƙashi lafiya lau, targaɗe ne. Ya dawo da bandeji fari tas, da sandunan dogarawa guda biyu, da hutu daga ofis. Aka shimfiɗa masa katifa a falo, aka ɗora ƙafar a kan matashi, domin likita ya ce a ɗaga ta sama, a sa ƙanƙara, kuma kada a taka. Wa ke fasa ƙanƙarar? Gwaggo Hure. Wa ke yin farfesun ƙafar saniya don jijiya ta yi ƙarfi? Gwaggo Hure. Washegari aka shimfiɗa tabarmar roba a kan tayil, daga ƙofar falo zuwa inda ake ajiye mota. Hanyar banɗaki ba a sa mata komai ba.

'Yan dubiya suka yi ta zuwa da lemo da kankana. Ni ma na shiga, ai haƙƙin maƙwabtaka ne. Na tarar da abokan aikinsa sun cika falo, shi kuma ya ɗaga hoton ƙashinsa saitin taga yana ba su darasi. Ya ce mutane da yawa jahilci ke nakasa su, ba su san bambancin targaɗe da karaya ba. Likita ya bayyana masa komai. Targaɗe a jijiya yake, ciwonsa a tsoka-tsoka, kuma yana raguwa a hankali. Karaya kuwa, sau da yawa ana jin ƙarar ƙashi lokacin faɗuwa, in aka danna kan ƙashin idon sawu mutum ba ya iya daurewa, yatsu kan yi sanyi su mutu, kumburi ya ƙi sauka, wani lokaci ƙafar ta karkace. Ya ɗaga yatsa ya ce babban kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne cewa wai in mutum ya taka to bai karye ba. Ƙarya ne, akwai mai karaya yana tafiya. Hoto kaɗai ke raba gardama.

Yana cikin wannan bayani labule ya ɗaga, kujera 'yar tsugunno ta shigo, Gwaggo Hure na biye da ita da faranti a hannu. Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye wa baƙi ruwa. Ƙafar na nan a fili, baƙa ƙirin, tafin ya juya waje yana kallon ƙofa alhali ita gabas ta fuskanta. Raina ya ɓaci, na kasa haɗiyewa.

"Alhaji," na ce, "duk abin da ka lissafa yanzu ga shi nan a ƙafar Gwaggo, ba wanda ya ɓace."

Wani ya hau ɓare lemo da himma, wani ya tuna yana da kira a waya. Albashir ya sauke hoton a hankali, ya yi murmushi irin na manya.

"Maman Sakinatu, yaushe kika zama likita ba mu sani ba? Jikin kowa daban ne. Ita ba ga shi da ƙafarta ta shigo ba?"

Gwaggo ta ce ba komi, da sauƙi, ta tura kujerarta ta fita. Washegari da na je ɗibar ruwa aka ce injin burtsatsen ya lalace. Ya lalace mini ni kaɗai, don ina ganin sauran matan layi suna fitowa da jarkokinsu cike. Na koma sayen ruwa a wurin 'yan garuwa, ban kuma fasa gaya wa duk wanda ya tambaye ni dalili ba.

Gwaggo takan fito zubar da toka a bayan gida da hantsi, can na tare ta. Na tsuguna na taɓa yatsun ƙafar, sanyi ƙalau, ta ce ba ta ji na taɓa ba. Na ɗan danna ƙashin idon sawun ta waje, ta riƙe hannuna gam har farcenta ya shiga. Na ce ta bari in tsayar da keke yanzu-yanzu, mu je a yi hoto mu dawo kafin wankan la'asar, ba wanda zai sani. Ta daɗe tana kallon titi. Na ga tana so, wallahi na gani a idonta. Sannan ta girgiza kai.

"Zuhura, in na tahi asibiti ba da izinin maigidan nan ba, ɗiyata na watsa ma ƙasa ga ido. Gidan miji take. Ki bari a yi arba'in, saura kaɗan."

Na ce ƙafar ba za ta jira arba'in ba, kuma da ita za ta shiga fadama. Ta ce ta sani. Ta ce kullum da asuba in ta tashi hura wuta, irinta take tunawa, ko Tamba yana ba shi ruwa. Ta ɗauki kaskon tokarta ta koma ciki, ni kuma na tsaya a wurin ina jin haushin kowa, har da ita.

Aka yi arba'in. Aka yi wankan ƙarshe, aka yi kitso da lalle, aka raba gumba. Washegari da sassafe injin burtsatse ya warke, Kausar ta aiko a kira ni. Na shiga na tarar da Gwaggo zaune a tabarma, ƙullin kayanta a gefe, Hajiya Baiwa a kujera, Albashir tsaye garau a kan ƙafafunsa biyu cikin shadda. Ya sa tabarau, ya tsuguna gaban ƙafar da ta yi makonni tana wucewa ta gabansa, ya kalle ta kamar yau aka kawo ta gidan. Ya yi salati.

"Gwaggo, wannan ai karaya ce. Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Gwaggo ta yunƙura za ta tashi ta ɗauko butarta, ya ɗaga hannu da sauri ya ce a'a, kada ta kuskura ta taka, mai karaya ba ya takawa. Hajiya Baiwa ta ce ita dama tun ranar farko jikinta ya ba ta, to amma Hure akwai taurin kai, an ce ta huta ta ƙi, kullum tana bakin murhu. Kausar ta share hawaye, ta ce Gwaggo ta cika zurfin ciki. Na ce to alhamdu lillahi, tunda an gane, ga mota a waje, a wuce asibiti. Albashir ya ce ya yi wannan tunanin, amma asibitin birni wahala ce kawai, layi da wulaƙanci. Ai duk ƙasar Kabi ba inda ya kai Argungu masu ɗori na gado. Kuma majinyaci a ɗakinsa ya fi samun kulawa, cikin danginsa. Abin da suke roƙo shi ne in taimaka in raka ta, tunda na nuna damuwa da lamarin.

Aka ba ta turmin atamfa, da sabulu, da ragowar man zafi. Albashir ya kawo bandejinsa, an wanke an naɗe, ya ce na asibiti ne mai kyau. Sandunan dogarawar ya ce zai ajiye, ba a san gobe ba. Motar kuwa yana da taro a ofis. Aka tsayar da keke, shi da mai keken suka ɗauke ta cak daga tabarma zuwa ƙofar gida, yana ta cewa a hankali, a hankali, kada ƙafar ta taɓa ƙasa. Wannan ne karo na farko da wani ya ɗauke wa ƙafar nan nauyi tun da ta faɗi.

A motar Argungu na roƙi direba ya bar mana gaba don ta miƙe ƙafar. Duk ramin da muka faɗa sai ta runtse ido. Can muka fara hango fadama, kore shar, mutane sun duƙa cikin ruwa suna ta dashe. Ta ce wasu har sun gama.

Mai ɗorin unguwarsu, wani dattijo Malam Arzika, ya zo da yamma ya lalluba ƙafar. Ya ce ƙashi ya riga ya kama, amma a karkace ya kama, ba abin da zai ɗora. Sai dai a sake karya shi, shi kuma ba zai yi wa mace mai shekarunta haka ba, a je asibiti. Washegari ni da Tamba muka kai ta. Hoton da aka hana ta aka yi, cikin ɗan lokacin da bai kai dahuwar shinkafa ba. Likita ya nuna mana inda ƙashin ya karye da inda ya goce ya haɗe a gicciye. Ya ce da an zo da wuri simintin ɗori na asibiti kawai za a sa ta warke sarai. Yanzu sai aikin tiyata a Sakkwato, shi ma ba ya alƙawarin za ta koma kamar da. Gwaggo ta yi masa godiya ta ce a kai ta gida.

Irin da ta bari ya tsufa a reno, ya wuce dashe. Duk da haka ba ta haƙura ba. Tamba ya ba ni labari daga baya cewa da kumburin ya sauka ta sari sanda ta tafi fadama, ta ce ko gefe ɗaya ne za ta dasa da irin aro. Ta shiga laka, karkatacciyar ƙafar ta nutse, ta yi ta yi ta kasa zare ta. Sai da maza suka bar aikinsu suka zo suka ciro ta. Tun daga ranar ba ta sake shiga ba. Filin yana hannun Tamba, in ya girbe ya auna mata abin da ya sawwaƙa. Ita kuma tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wa mutane tsakuwa daga shinkafarsu, matar da a da take cika rumbu da hannunta.

Bana na shirya zuwa Argungu gaishe ta. Da Kausar ta ji, sai ta leƙo gidana da cikinta ya fito sosai, yaron na riƙe da zanenta yana tafiya da ƙafarsa. Ta ba ni sabulu in kai wa Gwaggo. Ta ce in gaya mata haihuwa ta matso, ta fara shiri, don ba wanda ya iya ruwan jego kamar ta, hannunta akwai albarka. Na kalle ta na ga ba wasa take ba. Na ce zan isar.

Na isar kuwa, kalma da kalma. Gwaggo tana zaune da faifai a cinya, ƙafar a miƙe tana kallon gefe. Ta ajiye faifan.

"Ki gaishe ta, ki ce Allah shi raba lahiya. Ki ce ba ni iyawa. Karaya ta, mijinta da bakinai ya hwaɗi, gabanki. Ya ce kada in taka."

Na dawo Gwadangaji da la'asar, na ɗauki jarkata na shiga gidan, don in haɗa saƙo da ɗibar ruwa kafin injin ya sake lalacewa. Kausar da Hajiya Baiwa na zaune a tsakar gida, Albashir na alwala a bakin famfo. Na faɗa musu yadda ta ce, ban rage ba ban ƙara ba. Kausar idonta ya kawo ruwa, ta ce ita ba ta taɓa zaton Gwaggo za ta yi mata haka ba. Hajiya ta ce zumunci ne ya lalace, mutum ya ci arziƙinka, ka ba shi atamfa, ranar da kake nemansa ya fake da ciwo. Albashir ya gama wanke ƙafarsa ta dama, ya wanke ta hagu, ya zura takalmi.

"Wace karaya?" ya ce. "Ɗan targaɗe ne fa. Da idona na ga tana takawa."